Ma'aunin Matsin Iska Na Injin Mota Da Yadda Ake Haɗa Shi

Motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Gezawa har Zakirai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, yawancinsu ba su da kafireta irin ta motocin da. Sa'ad da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna cikin 1975, direba mai basira yana iya daidaita shan mai da sukudireba kaɗai a gindin bishiya. Motar injekta kuwa ba haka take ba. Akwai wata 'yar kwamfuta a cikinta, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ce ke ƙayyade yawan man da za a fesa wa inji. Ita kwamfutar ba ta gani, ba ta ji, sai abin da ma'aunai suka faɗa mata. Saboda haka ya kamata hakimai, da malamansu masu riƙe da lissafin kuɗin mota, su san ɗaya daga cikin ma'aunan nan, watau ma'aunin matsin iska, wanda masu sayar da kayan mota ke kira MAP.

Inji yana bukatar iska da fetur bisa ƙa'ida, watau nauyin iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur. Iska tana shiga ta maƙogwaron inji, inda akwai wani ɗan ƙyaure da totur ke buɗewa, daga nan ta faɗa cikin bututun da ke rarraba ta ga silinda-silinda. In mota tana tsaye tana silo, ƙyauren a rufe yake, inji kuwa yana ta zuƙa, sai matsin da ke cikin bututun ya faɗi zuwa wajen sulusin na iskar waje. In direba ya take totur har ƙasa, ƙyaure ya buɗe, sai matsin ciki ya yi kusan daidai da na waje. Da wannan bambanci kwamfuta ke gane nauyin aikin da inji ke yi. Dabarar ba sabuwa ba ce, gama kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita tun 1967 a motar Volkswagen 1600. Akwai kuma motocin da ke auna yawan iskar da ta shige maimakon matsinta, waɗannan ba su cikin wannan darasi.

A waɗansu motoci, kamar Honda Accord da Civic na shekarun 1990, ma'aunin a jikin maƙogwaron yake. A waɗansu, kamar Toyota Camry mai silinda huɗu ta wancan zamani, a gefe yake, an haɗa shi da bututun ta wani siririn tiyo na roba. To, a nan ne ɓarna ta fi yawa. Lalle ne tiyon ya shiga a bayan ƙyaure, ta wajen inji. In makanike ya sauke inji, ya zo mayarwa ya soka tiyon a wata kafa da ke gaban ƙyaure, ko kuwa ya manta shi yana reto, ma'aunin zai riƙa jin iskar waje kawai. Kwamfuta sai ta ɗauka mota tana hawan tudu da cikakken kaya, alhali kuwa tana tsaye a ƙofar gidan hakimi. Sai ta yi ta zuba mai. Baƙin hayaƙi ya fito ta salansa, fulogi su yi baƙi ƙirin, silo ya riƙa rawa, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma ya gangara ya tsinka baƙin mai. Tiyon da ya tsage ma haka yake yi, sai dai a hankali, har a saba da shi a ce tsufan mota ne. Zafin bazara a ƙasar Kano yana busar da roba ƙwarai, ƙurar hunturu kuma tana ɓoye tsagar.  Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya yi shelar janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da naira 500, saboda haka tiyon da bai kai kuɗin lita guda ba yana iya cinye kuɗin mai na wata.

Sa'an nan sai wayoyi. Galibi uku ne. Ɗaya tana kawo wuta folt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku kuwa ita ce ke mayar da labari. Mai waya huɗu, ta huɗun ta awon zafin iska ce. Kada a dogara ga launin waya, domin kowane kamfani da nasa tsari. Mita ita ce shaida. In an murɗa makulli ba a ta da inji ba, wayar labari takan nuna wajen folt 4 zuwa 4.5 a motoci da yawa, in inji yana silo ta sauko wajen folt 1 zuwa 1.5. Wasu motocin adadinsu ya bambanta da wannan, amma saukowar dole ce. In ba ta motsa ba, ko tiyo, ko waya, ko ma'aunin kansa ya mutu.

Abin da ya fi haɗari shi ne mai wayarin ya ja wuta kai tsaye daga batir, folt 12, ya ba ma'aunin, ko ya musanya wayar wuta da ta ƙasa. Ma'aunin yana iya ƙonewa nan take, wani lokaci har da kwamfutar, ita kuwa sai an je Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano an yi cigiya da tsada. Gwaji da ƙwan fitila, wanda aka saba da shi a tsofaffin motoci, bai dace da waɗannan wayoyi ba. Har wa yau, a waɗansu Honda na da, soket na wannan ma'auni da na ma'aunin totur kamarsu ɗaya, kowanne yana shiga gurbin ɗan'uwansa. Makanike mai hankali yakan ɗaura wa ɗaya zare kafin ya cire, ya kuma kashe makulli tukuna.

Akwai wani ma'aunin matsi dabam, na baƙin mai, wanda sau da yawa waya guda gare shi. Aikinsa kunna jar fitila mai hoton buta in matsin mai ya faɗi. In wayar ta fice, fitilar ba za ta kama ba ko da mai ya ƙare, sai a ji inji ya buga. Gwajinsa kowa na iya yi: a murɗa makulli, lalle fitilar ta kama, a ta da inji, ta mutu. Haka nan fitilar mai hoton inji. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta.

Abin da ake so ga malamin hakimi shi ne ya ajiye littafi, duk ran da aka sha mai ya rubuta lita nawa da abin da agogon kilomita ya nuna. In shan mai ya ƙaru bayan an dawo daga gareji, a mai da motar kafin a biya sauran kuɗi. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake sa na'urar bincike. In ta nuna P0107, wutar wayar labari ta yi ƙasa. In P0108 ce, ta yi sama. Malami ya rubuta lambar da kwanan wata, ya kuma nemi makanike ya gwada tiyo da wayoyi a gabansa kafin a yarda a sayi sabon ma'auni.