Daga Keke Zuwa Na'urar Tuƙin Kwale-kwale: Yadda Za Ka Karanta Allon PM5 Ba Tare Da Ka Ji Wa Bayanka Ciwo Ba

Mutumin da ya saba yin kilomita 80 ko 100 a kan keke yakan hau na'urar tuƙin kwale-kwale ta cikin ɗaki da tunanin cewa abin wasa ne. Minti goma na farko ba ya ko haki, domin zuciyarsa da huhunsa sun daɗe da horuwa. Washegari sai ya tashi da ciwon ƙugu, tafin hannunsa ya yi bororo. Dalilin haka shi ne numfashinsa yana iya ɗaukar aikin awa guda, amma bayansa da hannuwansa ba su taɓa yin irin wannan aikin ba. A wannan darasi za mu duba yadda na'urar take aiki, abin da lambobin allonta suke nufi, da yadda mai keke zai tsara makonninsa na farko.

Wace na'ura muke magana a kai?

Za mu ɗauki Concept2 RowErg a matsayin misali, wadda a da ake kira Model D, domin ita ce aka fi samu a wuraren motsa jiki, kuma da ita ake yin manyan gasa na cikin ɗaki. Kamfanin yana jihar Vermont ta Amurka, 'yan'uwa biyu ne, Dick da Pete Dreissigacker, suka kafa shi a 1976. Na'urarsu ta farko da ta fito a 1981, da ƙafar keke aka yi filafilinta. Saboda haka dangantakar keke da wannan na'ura daɗaɗɗiya ce.

Aikinta mai sauƙin fahimta ne. Kana jan mariƙi, mariƙin yana jan sarƙa, sarƙar tana juya filafili a cikin keji, iska kuma tana turje wa filafilin. Ƙaramar kwamfutar da ke gaba, wato PM5, tana auna yadda gudun filafilin yake ƙaruwa da yadda yake raguwa, daga nan take lissafa ƙarfin da ka zuba. Ba a jona ta da wutar gida. Batir biyu manya take amfani da su, kuma idan kana tuƙi, juyawar filafilin ce take ba allon wuta. Akwai wasu irin su WaterRower, wadda ruwa ne yake yi mata turjiya a maimakon iska, sai dai lambobinta ba sa daidaituwa da na PM5, don haka kada ka kwatanta sakamakon na'urorin biyu.

Kuskuren farko: ɗaukar damfa a matsayin giya

A gefen kejin filafilin akwai wani ɗan hannu mai lamba 1 zuwa 10, ana kiransa damfa. Mai keke yana ganinsa sai ya ɗauka giya ce, ya tura shi zuwa 10 domin a tunaninsa nan ne aikin maza yake. Abin da damfa take yi kawai shi ne buɗe ko rufe hanyar iska. A lamba 10 iska da yawa tana shiga, filafilin yana saurin rage gudu, kowane ja sai ya zama kamar ɗaga buhu daga ƙasa. Nauyin kuma a ƙugu yake sauka. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a fara tsakanin 3 da 5.

Lambar da ta fi damfa muhimmanci ita ce ma'aunin turjiya. Shiga More Options a allon, ka zaɓi Display Drag Factor, ka yi ja kaɗan, za ka ga lamba ta fito. Yawancin masu atisaye suna zama tsakanin 110 da 130. Dalilin duba wannan lamba shi ne ƙura. Idan ƙura ta toshe ragar kejin, kamar yadda take yi a lokacin hunturu, damfa 5 a na'urar da ba a gogewa za ta ba da turjiya ƙasa da damfa 5 a na'ura mai tsabta. Ka riƙe lambarka a kai, duk na'urar da ka hau sai ka daidaita damfa har ka same ta.

Lambobi uku da za ka sa wa ido

Ta farko ita ce lokacin mita 500. Idan allo ya nuna 2:10, yana nufin da wannan ƙarfin za ka cinye mita 500 cikin minti biyu da daƙiƙa goma. Ƙaramar lamba ita ce gudu mai yawa.

Ta biyu ita ce wat, wadda mai keke ya riga ya sani. A PM5, 2:30 daidai yake da wat 104, 2:10 wat 159 ne, 2:00 wat 203, 1:50 kuma wat 263. Lura da yadda lissafin yake hawa. Sauka daga 2:10 zuwa 2:00 yana cin ƙarin wat 44, amma daga 2:00 zuwa 1:50 yana cin wat 60. Idan kana son ninka gudunka sau biyu, sai ka ninka ƙarfinka sau takwas. Kuma kada ka yi tsammanin ganin wat ɗin da kake gani a keke. A nan rabin motsin ko fiye yana tafiya ne wajen komawa gaba, lokacin da ba ka ba filafilin komai, ga kuma ƙarfin da kake kashewa wajen kai gangar jikinka gaba da baya, wanda allo ba ya ƙirgawa. Samun wat ƙasa da na keke ba alamar rauni ba ce.

Ta uku ita ce yawan ja a minti. A keke ka saba juya feda sau 85 ko 90 a minti, jikinka ya koyi cewa sauri shi ne gudu. A nan dogon atisaye ana yin sa ne a ja 18 zuwa 22 a minti, masu gasar mita 2000 ne suke haura 30. Wanda ya iya yana iya riƙe 2:05 da ja 20, sabon shiga kuma yana ta kaiwa da komowa da ja 30 amma allo yana nuna masa 2:25.

Yadda ake ja

Ƙafa ce take yin mafi yawan aikin, kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma nan ne mai keke yake da riba. Tsarin shi ne ƙafa, gangar jiki, hannu. Ka fara da ƙwaurinka a tsaye, hannuwa a miƙe, baya a miƙe ka ɗan karkata gaba daga ƙugu. Ka tura da ƙafa tukuna. Sai ƙafafun sun kusa miƙewa sannan ka jingina baya kaɗan, daga ƙarshe ka jawo mariƙin zuwa ƙasan haƙarƙarinka. Wajen komawa sai ka juya tsarin: hannu ya miƙe, jiki ya karkata, sannan gwiwa ta lanƙwashe. Komawar ta ɗauki kusan ninki biyu na lokacin turawar.

Matsalar masu keke biyu ce. Shekarun da suka yi a duƙe a kan sitiyarin keke sun saba musu da ƙudundune baya, kuma jijiyoyin bayan cinyarsu sukan ɗaure, abin da yake hana su karkata daga ƙugu. Sai ka ga ɗuwawu ya riga kafaɗa tafiya baya, nauyin ja gaba ɗaya ya rataya a ƙasan gadon baya. Ka jingina wayarka a gefe ka ɗauki bidiyon kanka na daƙiƙa talatin. Idan kujera ta motsa mariƙin bai motsa tare da ita ba, to wannan kuskuren kake yi.

Haɗa ta da kayan da kake da su

PM5 yana da Bluetooth da ANT+, saboda haka bel ɗin auna bugun zuciya da kake ɗaurawa a ƙirji idan za ka hau keke zai yi aiki a nan. Ya fi agogon hannu aminci, domin riƙon mariƙi da lanƙwasa wuyan hannu suna rikita hasken da agogo yake auna jini da shi. Manhajar ErgData kyauta ce a Android da iPhone, tana adana kowane atisaye a rumbun Concept2 na intanet, daga can kana iya haɗa shi da Strava ko Garmin Connect.

Tsarin makonni shida na farko

A mako na ɗaya da na biyu, ka yi sau uku a mako, minti 15 zuwa 20, a rarrabe gida uku da hutun minti biyu a tsakani. Ja 18 zuwa 20, kada ka damu da gudu. A mako na uku da na huɗu ka kai minti 30, a rabe gida biyu, ka tashi ka miƙe a tsakani. A na biyar da na shida ka ƙara rana ɗaya ta aiki mai zafi, misali mita 500 sau shida da hutun minti biyu. Sai bayan nan za ka gwada mita 2000 ko 5000 domin sanin matsayinka. Dogon aikin da zuciyarka take buƙata, ci gaba da yin sa a keke har bayanka ya saba.

Gajiyar tsoka ba abin damuwa ba ce. Amma idan ka ji suka a ƙasan baya, ko ciwo yana sauka zuwa ƙafa, ko zafi a wuri ɗaya a haƙarƙari idan ka yi numfashi ko tari, ka dakata ka ga likita. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita tun kafin ya fara. Ita kuma na'urar, ka goge dogon da kujera take gudu a kai bayan kowane atisaye, ka sa wa sarƙar mai bayan kowace awa 50 ta aiki, ka kuma riƙa karkaɗe ƙurar kejin filafilin domin lambobin da kake gani su kasance na gaskiya.