Don Me Jariri Ya Ke Kai Kome Baki?

Ya ku iyaye da masu reno, a darasinmu na wannan wata za mu duba wani abin da kowa ya sani, amma ba kowa ya gane ba. Jariri ya kan kai kome baki: yatsansa, gefen zanen uwarsa, ludayi, takalmi, har da ƙasa. Waɗansu iyaye su kan ce kwaɗayi ne, waɗansu su ce ƙazanta ce, sai su buge masa hannu. Bari mu bincika dalilin wannan hali, da amfaninsa, da kuma inda hatsari ya ke.

1. Baki shi ne makarantarsa ta fari

Tun yana ciki jariri ya kan tsotsi yatsansa. Ranar da aka haife shi ba wanda ya ke koya masa shan mama, gama da iyawar ya zo. Leɓɓansa da harshensa suna cike da jijiyoyi masu jin taɓi, sun kuwa riga hannuwansa ƙwarewa. Mu manya in mun ga sabon abu, mu kan juya shi a hannu mu duba. Jariri bai iya wannan ba tukuna, sai ya tambayi bakinsa: Abin nan da taushi ko da tauri? Da sanyi ko da ɗumi? Da santsi ko da kaushi?

Wani masani na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya zauna yana lura da 'ya'yansa uku tun suna jarirai, ya rubuta abin da ya gani cikin littafinsa na 1936. Ya nuna cewa daga haihuwa zuwa wajen shekara 2 yaro yana koyo ta wurin taɓawa da tsotsa da motsi, kafin ya iya tunani da kalmomi. Ashe yaron da ke tauna ludayi karatu ya ke yi.

Ga yadda abin ya kan tafi. Wajen wata 3 zuwa 4 ya fara kama abu ya kai baki. Wajen wata 6 haƙoran fari su kan fito, galibi biyu na gaba a ƙasa, dasashi yana ƙaiƙayi, miyau yana dalala. Wajen wata 9 ya iya tsintar ƙaramin abu da yatsa biyu, ga shi kuma yana rarrafe. Kafin ya cika shekara 3 haƙoran nono 20 sun fito, halin kuma yana raguwa, domin hannu da ido da magana sun karɓi aikin. Taunan nan yana koya wa harshe da muƙamuƙi aikin da za su yi sa'ad da aka fara ba shi abinci bayan wata 6.

2. Haƙori ba ya kawo zawo

A nan tilas mu tsaya kaɗan. An saba cewa, "Ƙyale shi, haƙori ya ke yi," alhali kuwa yaro yana ta zawo, jikinsa zafi zau. Fitar haƙori ya kan sa rigima da dalala da son cizo, amma ba ya kawo zazzaɓi mai tsanani ko zawo. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin haƙori ya yi daidai da lokacin rarrafe. Yaro ya dafa kashin kaji ko na awaki a tsakar gida, ya kai hannu baki, ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki sun shiga ke nan. Sai mu ɗora wa haƙori laifi, mu zauna muna jira, yaro yana ƙarewa.

In yaro yana zawo, a ci gaba da ba shi mama, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. In yana zazzaɓi, a gwada jininsa ko cizon sauro ne. Kada mu sayi maganin haƙori a kasuwa da ka. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka mutu a Nijeriya bayan sun sha wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta gauraya da shi. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, ko yatsan uwa da aka wanke da sabulu a murza dasashi, ya isa.

3. Abubuwan da za mu kawar

Na fari, ƙananan abubuwa masu shaƙewa: gyaɗa, aya, gurjiya, ƙwallon dabino, maɓalli, tsabar kuɗi, duwatsun wuya. Hanyar numfashin jariri ba ta fi kaurin ƙaramin yatsansa da yawa ba. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli ya fi su duka mugunta, gama in ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin awa 2. A ruga asibiti ko da yaron bai nuna ciwo ba.

Na biyu, guba: kananzir, maganin ƙwari, maganin ɓera, da magungunan manya. Kada a zuba kananzir cikin kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin yana iya shiga huhu. A kai shi asibiti tare da kwalbar.

Na uku, ƙasar da ba mu ga kome a cikinta ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, mutane suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gidajensu, duwatsun kuwa suna da dalma. Ƙurar ta zauna a ƙasa inda yara ke rarrafe, suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka mutu, dubbai kuma suka kamu. Sai da aka kwashe ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Haka nan kwallin da a kan sa wa jarirai a ido sau da yawa yana da dalma; yaro ya murza ido, ya tsotsi yatsa.

4. In abu ya shaƙe shi

In yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In kuwa ba ya iya kuka ko numfashi, kuma bai kai shekara ba, a kifa shi a kan hannu, kansa ya fi jikinsa gangarawa, a bubbugi bayansa tsakanin kafaɗu sau 5. In bai fita ba, a juya shi rigingine a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5. A yi ta maimaitawa, wani kuma yana neman abin hawa. Kada a zura yatsa ana lalube, gama za a tura abin ciki ne.

5. Aikinmu

Kun ga ke nan, hana yaro kai abu baki ba shi yiwuwa, duka kuma ba ya koya wa ɗan wata 8 kome sai tsoro. Aikinmu shi ne mu gyara wurin. A share tsakar gida, a killace kaji, a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta. A ba shi abin da ya fi bakinsa girma, kamar ludayi ko cokalin itace, a wanke kullum. In ya ɗauki mugun abu, a karɓa a hankali a miƙa masa wani. Ku ubanni, kananzir da maganin gona a hannunku su ke, ku ajiye su a sama. 'Yar reno mai shekara 7 ita ma yarinya ce, kada a bar mata dukan tsaron. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ka durƙusa a ɗakinka daidai tsayin jariri. Me ka gani wanda zai shige bakinsa?
2. Me za mu faɗa wa maƙwabciyar da ta ce zawon ɗanta na haƙori ne?
3. Wa ya iya taimakon yaron da ya shaƙe a gidanku? A gwada da 'yar tsana.