Darasi: Sa Hoto da Bidiyo a Shafukan Majigi



Darasinmu na wannan fitowa a kan manhajar kwamfuta ne wadda ake jera shafuka da ita, a haska su a bango ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi shahara ita ce PowerPoint ta kamfanin Microsoft, ta fito a 1987. Akwai kuma Impress ta LibreOffice, wadda kyauta ce, da WPS Office da ake sa wa a waya. Kakanninku sun san majigi tun zamanin Turawa, lokacin da mota kan shigo gari a kafa farin ƙyalle a dandali. To, wannan ma majigi ne, sai dai yanzu ɗalibi ne zai haɗa abinsa da hannunsa.

Ka'idar farko ita ce, ana sa hoto ne a inda baki zai gaza. Alal misali, an ce ka yi bayanin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Ko ka yini kana cewa Magama, kan iyaka, Ɗan Isa, yaron da bai taɓa fita gari ba zai yi ta kallonka ne kawai. Taswira guda ta wadatar. Ka shiga Insert, ka zaɓi Pictures, ka ɗauko ta, ka ja ta daga kusurwa don kada ta miƙe ta lalace. Hoto ɗaya a shafi ɗaya, rubutu layi biyu ko uku a ƙarƙashinsa. Furanni da taurarin da wasunku ke cika shafi da su, wallahi ba sa ƙara wa darasi komai.

Shi kuwa bidiyo, aikinsa nuna motsi. Ɗauki babin ɗawafi. Muna karanta cewa ana farawa daga Hajarul Aswad, a sa Ka'aba a hagu, a kewaya sau bakwai, amma yara da yawa sai sun ga mahajjata na tafiya sannan su gane abin da "a hagu" ke nufi. Minti ɗaya ya isa. In bidiyon ya yi tsawo, ka danna shi, ka shiga Playback, ka yanke shi da Trim Video. Wanda ya saki na minti goma, ya miƙa ajinsa ga kallo, shi ya koma ɗan rakiya.

Ga tanbihi mai muhimmanci gare mu mutanen Jibiya. Bidiyo iri biyu ne: wanda aka ɗora a cikin fayil ɗin, da wanda aka jingina shi ga YouTube. Na biyun ba ya buɗewa sai da intanet. Kun tuna a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, aka ɗauki watanni a haka. Ko yau ma sabis kan ɗauke ba sallama. Saboda haka ka sauke bidiyonka a nau'in MP4, ka ɗora shi daga kwamfutar. Tun daga PowerPoint ta 2010 bidiyo na zama cikin fayil, amma duk da haka ka ajiye kwafinsa daban a filasha. Ka gwada shi tun da daddare, har da lasifika, kuma ka yi cajin kwamfutar, domin wuta ba ta da alkawari.

Game da ɗaukar hoto da kanku: kada ku ɗauki mutum a kasuwa ko a gida ba da izininsa ba, musamman mata. Shingen jami'an tsaro da ofishin kwastan kuwa, ko kusa kada ku ɗaga musu waya. Iyaye, a taimaka a duba abin da yaro ya sauke kafin ya kawo makaranta.

Aikin gida: shafuka biyar a kan alwala, da bidiyo ɗaya na shafar kai da kunnuwa wanda bai wuce daƙiƙa talatin ba. A kawo ranar Asabar.

Wassalam.