Amsoshin Tambayoyinku: Rumbu na Aiki, Mai Gadi na Cewa Ya Mutu

TAMBAYA: Ni ke kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a Birnin Kudu, muna da reshe a Gwaram. Mun haɗa sabar biyu da Pacemaker, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta karɓa. Amma duk sanda aka ɗauke wuta muka tayar da janareta, sai Pacemaker ya ce PostgreSQL bai tashi ba, alhali in na shiga da hannu lafiyarsa ƙalau. Ina matsalar take?

AMSA: Bisa yadda ka kwatanta, rumbunka lafiyarsa lau, mai gadin, wato Pacemaker, shi ne yake ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

PostgreSQL ƙofa biyu gare shi. Akwai ta waje, mai lamba 5432, wadda kwamfutar Gwaram za ta bi ta layin sadarwa. Akwai kuma ta cikin gida, wadda ake kira soket: wani ɗan fayil mai suna .s.PGSQL.5432 da rumbun ke ajiyewa a wata folda idan ya tashi. Pacemaker ba ya leƙa rumbun da kansa. Ɗan aike gare shi, rubutun umarni mai suna pgsql, wanda ke turo psql lokaci-lokaci ya tambayi lafiya, kuma galibi ta ƙofar cikin gida yake bi. In ya je bai tarar da soket ba, sai ya koma ya ce an yi rasuwa.

To ina foldar take? Nan ake yawan samun saɓani. Wanda ya harhaɗa PostgreSQL daga tushe zai same ta a /tmp, amma Debian da Ubuntu a /var/run/postgresql suke ajiye ta. In sabar biyun ba hannu ɗaya ya saka su ba, kowacce na iya kama nata wurin. Sannan a fitowa ta 9.3, a shekarar 2013, an sauya sunan saitin daga unix_socket_directory zuwa unix_socket_directories, ya koma yana karɓar folda fiye da ɗaya. Tsohon rubutu da ke laluben tsohon suna a postgresql.conf hannu rabbana zai dawo.

Zancen wuta da ka kawo shi ya fi ɗaukar hankalina. A Linux na yanzu, /var/run a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, da na'ura ta mutu komai na ciki ya share. Dole a samu mai sake ƙirƙirar foldar kuma ya mallaka ta ga mai amfani postgres. A ƙasashen da sabar ke shekara ba ta mutu ba, wannan aibi sai ya daɗe a ɓoye. Mu nan kuwa kowane mako sai ya fito fili.

Ga abin yi. Shiga psql a kowace sabar ka rubuta SHOW unix_socket_directories. Ka tabbata amsar iri ɗaya ce. Sai ka rubuta wannan folda ƙarara a saitin socketdir na pgsql, kada ka bar shi yana cinta. Ka kuma sa layi ɗaya a /etc/tmpfiles.d domin systemd ya riƙa gina foldar a kowane tashi. Rubutun da ka yi da hannunka, irin na ajiyar kwafin dare, ka ba shi -h da cikakkiyar hanyar foldar.

Kada ka tsawaita lokacin jira ko ka kashe dubiyar don ƙorafin ya lafa. Ranar da rumbun ya mutu da gaske babu mai ji, ga marasa lafiya a layi suna jiran katinsu.

In ka gama, zaɓi yammacin da jama'a suka ragu, ka ɗauki kwafin bayananka, ka kashe sabar farko ka ga ko ta biyu ta karɓa, sannan ka juya. Ka rubuto mana abin da ka gani. Allah ya taimaka.