Nauyin da Doka ta Ɗora wa Masu Masana'antu Dangane da Lafiyar Ma'aikata: Nazari Daga Yankin Bakolori

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wajibban da dokokin Nijeriya suka ɗora wa mai masana'anta domin kare rai da lafiyar ma'aikatansa, tare da auna su da yanayin ƙananan masana'antun Talata Mafara da Bakura da Maradun. Nazarin ya nuna cewa dokoki sun yi tanadi mai faɗi, sai dai ƙarancin sani da raunin hukunci sun rage musu kaifi.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, noman rani ya zama ginshiƙin tattalin arzikin waɗannan ƙananan hukumomi uku. Inda shinkafa ta yawaita kuwa, dole injinan casa da na niƙa su biyo baya, haka ma wuraren turara shinkafa da shagunan walda da gidajen buga bulo. Galibin masu waɗannan wurare suna ɗaukar kalmar “masana'anta” a matsayin sunan manyan kamfanonin Sharaɗa da Bompai a Kano. Doka ba ta ɗauke ta haka ba. A ƙarƙashin Dokar Masana'antu ta 1987, duk wurin da aka ɗauki ko da mutum ɗaya aikin ƙera wani abu, ko gyara shi, ko sarrafa shi domin kasuwanci, yana iya shiga wannan ma'ana.

2.0 Tushen Wajibci a Doka

Sashe na 17(3)(c) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya umarci gwamnati da ta tsara manufofinta yadda za a kiyaye lafiya da walwalar duk mai aiki. Dokoki uku ne suka fassara wannan manufa a aikace: Dokar Masana'antu ta 1987, da Dokar Ƙwadago ta 1974, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Bugu da ƙari, Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, wadda ta shafi lafiya da kariya a wurin aiki.

3.0 Wajibban Mai Masana'anta

3.1 Rajista da Tsabtar Wuri

Wajibi na farko shi ne yi wa wurin rajista a sashen kula da masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kafin a fara aiki. Hikimar wannan a fili take, domin jami'in duba masana'antu ba ya ziyartar wurin da bai san da zamansa ba. Daga nan sai tsabta, da isasshiyar iska da haske, da hana cunkoso, da samar da makewayi da ruwan sha da wurin wanka ko wanke hannu, da akwatin agajin gaggawa.

3.2 Killace Injina

Doka ta wajabta killace duk wani sashe na inji mai haɗari. A injin casa da na niƙa, bel da fuli su ne tushen barazana, domin sukan fizgi hannun riga ko bakin mayafi kafin a ankara. Haka kuma an hana ɗora sabon hannu a kan inji ba tare da horo da kulawar gwani ba. Wannan tanadi ya shafi al'adar ɗaukar yaran shago kai tsaye, musamman da yake Dokar Ƙwadago ta haramta sanya wanda bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta. Tukunyar tururi ma dole ƙwararre ya riƙa duba ta lokaci bayan lokaci.

3.3 Gobara

An hana kulle ƙofa ta yadda ma'aikatan da ke ciki ba za su iya buɗe ta nan take ba. Gobarar da ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Jihar Legas a watan Satumba na 2002, wadda ta ci rayukan ma'aikata da dama, ta nuna abin da ke biyo bayan toshe hanyar fita. A wurin da ɓuntu ya taru kusa da janareta da jarkokin mai, tartsatsi ɗaya ya isa.

3.4 Ƙura da Guba

Wajibi ne a ɗauki matakin fitar da ƙura da hayaƙi, a hana cin abinci inda ake sarrafa abu mai guba, a kuma bai wa ma'aikaci kayan kariya da suka dace da aikinsa. Jihar Zamfara ta ga illar ƙura. A shekarar 2010 aka gano annobar gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, inda aka ƙiyasta mutuwar yara aƙalla 400. Musabbabin shi ne niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gari da gidaje, sau da yawa da irin injinan da ake niƙa hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, ta kuma bi tufafin masu aiki zuwa ɗakunan iyali. Ko da yake wuraren ba masana'antu ne masu rajista ba, darasin ya shafi kowane mai inji: cutar wurin aiki tana bin ma'aikaci har gida, kuma waɗanda ba su taɓa inji ba su ne suka fi jin jiki.

4.0 Bayar da Rahoto da Biyan Diyya

Idan haɗari ya yi sanadin mutuwa, ko ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku, dole a sanar da jami'in duba masana'antu a rubuce. Dokar 2010 kuma ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin wata a asusun da hukumar NSITF take gudanarwa, ta kuma hana cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Daga asusun ake biyan diyyar rauni da naƙasa da cutar da aiki ya haifar da mutuwa, ba tare da sai an tabbatar da sakacin mai wurin ba. Rigingimun da suka taso daga waɗannan dokoki kuwa suna ƙarƙashin hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

5.0 Matsalolin Aiwatarwa

Matsala ta farko ita ce tarar da ke cikin Dokar 1987, wadda aka yanka da darajar naira ta wancan zamani, har ta zama ba ta tsoratar da kowa. Ta biyu, duba masana'antu aikin gwamnatin tarayya ne, jami'anta kuma sun fi zama a manyan birane. Ta uku, yawancin ma'aikatan injina 'yan aikin yini ne, ba su da takardar ɗauka aiki, ga kuma nauyin zumunta da ke hana mutum kai ƙarar ubangidansa. Sau da yawa akan tsaya ga biyan kuɗin magani, a bar sauran ga ƙaddara.

6.0 Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a kan wannan aka gina dokokin da aka nazarta. Murfin bel da takunkumin hanci da buɗaɗɗiyar ƙofa ba su kai kuɗin jinyar hannu ɗaya ba. Maƙalar tana ba da shawarar a fassara muhimman sassan dokokin zuwa Hausa, a shigar da ƙungiyoyin masu injina cikin aikin rajista, sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta shirya gajerun kwasa-kwasan kariya ga masu injinan yankin da yaransu.