Yadda Ake Tsara Miƙa Abubuwan Dogaro a ASP.NET Core

Kowace manhaja da ke amsa buƙatu ta intanet tarin sassa ce da ke jingine da juna: sashen karɓar oda yana buƙatar rumbun bayanai, yana kuma buƙatar sashen aika saƙo ga mai saye. Waɗannan su ne abubuwan dogaro, kuma dabarar miƙa su da Martin Fowler ya yaɗa sunanta a maƙalarsa ta 2004 ita ce a hana sashe ƙera wa kansa abin da yake buƙata, a riƙa miƙa masa shi daga waje. Da ASP.NET Core ya fito a 2016, kamfanin Microsoft ya gina wannan tsari a cikinsa, har ya zama yawancin ayyuka ba sa buƙatar ɗauko wani kayan aiki daban irin su Autofac.

Matakan farko ba su da wuya. Ana rubuta yarjejeniya, wato jerin ayyukan da sashe zai yi ba tare da bayyana yadda zai yi su ba, sannan a rubuta sashen da zai cika ta, duk mai buƙatarsa kuma ya ambaci yarjejeniyar kawai a mashigarsa. Daga nan sai a yi rajistar sashen da yarjejeniyarsa a fayil ɗin Program.cs, wanda ya gaji Startup.cs tun .NET 6 a 2021, kafin layin da ke kiran Build, domin bayan wannan layi an rufe rajista. Masu rubuta gwaji ne suka fi kowa sanin darajar wannan aiki, saboda suna iya cire mai aika saƙon gaskiya su sa na wucin gadi, su gwada manhajar sau ɗari ba tare da wayar kowa ta yi ƙara ba.

Inda ake gane gwani shi ne wajen zaɓen tsawon rayuwar kowane sashe. AddTransient yana ba da sabo duk lokacin da aka nema, AddScoped yana ba da guda ɗaya ga kowace buƙata da ta shigo, ya watsar da shi idan an amsa ta, AddSingleton kuwa guda ɗaya ne tun tashin manhaja har a kashe ta. Ƙa'idar ita ce mai dogon rai kada ya riƙe mai gajeren rai, saɓa mata kuwa shi ne matsalar da Mark Seemann ya laƙaba wa sunan kamammen abin dogaro. Misalin da ya fi yawa shi ne DbContext na Entity Framework Core, ƙofar shiga rumbun bayanai, wanda aka tsara shi ya rayu na buƙata ɗaya kawai, ba a kuma yi shi don ayyuka biyu su taɓa shi lokaci guda ba. Idan sashe mai dawwama ya kama shi, to a kwamfutar mai rubuta manhajar komai zai tafi lami lafiya, amma ranar da jama'a suka yi yawa sai buƙatu su riƙa karo a kansa, tsofaffin bayanai su riƙa dawowa, ma'adanar kwamfuta kuma ta yi ta cika.

Tsarin yana kama wannan kuskure, sai dai binciken a kunne yake a yanayin rubuta manhaja kawai, shi ya sa mai kula yake kunna ValidateScopes da ValidateOnBuild da hannunsa, ya kuma sa gwaji ya tayar da manhajar kafin a sake ta. Idan sashe mai dawwama ba shi da makawa sai ya shiga rumbu, kamar mai aikin bayan fage da ke tura saƙonni cikin dare, ana ba shi IServiceScopeFactory, ya buɗe ɗan zagaye nasa mai kama da na buƙata ɗaya, ya karɓi DbContext a ciki, ya rufe da zarar ya gama. Binciken ba ya ƙorafi idan abin da aka kama na AddTransient ne, don haka wannan ɓangare sai an bi jerin rajistar layi-layi da ido, ana tambayar wa ke riƙe da wa.