Waya Biyu da Rediyo a Iyafis Ɗaya: Abin da Nake Gaya wa 'Yan Acaba

Sana'ata gyaran waya da rediyo, kuma rabin masu kawo mini aiki 'yan acaba ne da ke zirga-zirga tsakanin Ƙofa, Kusada, Yashe da Kankiya. A 'yan shekarun nan wata buƙata ta yawaita a bakinsu. Mutum zai zube mini wayoyi biyu a tebur, babbar Tecno ko Infinix ta WhatsApp da ƙaramar Itel mai riƙe caji wadda fasinjoji suka san lambarta, wani ma ya ƙara da 'yar rediyo ko MP3 mai memori cike da karatu da waƙa, ya ce: "Malam, so nake ka haɗa min su duka su riƙa shigowa iyafis ɗaya, kada kira ya wuce ni ina kan hanya." Ban ga laifin buƙatar ba. Kiran da ya wuce ɗan acaba kuɗi ne ya wuce shi, kuma wuni a kan babur ba abokin hira akwai gundura.

Yawanci suna zuwa da 'yar wayar nan mai reshe biyu da ake sayarwa a teburin masu caja. An yi ta ne domin waya ɗaya ta ba mutum biyu sauti. Su kuwa so suke a juya ta, wayoyi biyu su ba kunne ɗaya. Wasu ba sa ma jiran mai gyara, sai su yanke wayoyin iyafis su murɗe su wuri ɗaya su naɗe da salatif.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowace waya da kowace rediyo tana da ɗan IC mai ƙara ƙarfin sauti, an gina shi ya tura wuta zuwa iyafis mai nauyin om 16 zuwa 32. Idan ka haɗa bakin biyu kai tsaye, wutar da wannan ya turo ba iyafis za ta nufa ba, cikin ɗan'uwansa za ta faɗa, domin can hanyar ta fi sauƙi. Kamar ka ɗaura wa shanun huɗa biyu karkiya suna fuskantar juna ne: ƙarfi na ƙarewa, garma ba ta motsa ba. Sauti ya yi ƙasa, ya riƙa kakkaryewa, IC ya ɗau zafi. Ba kullum yake ƙonewa ba, amma an sha kawo mini waya da ramin iyafis ɗinta ya mutu, in na bincika sai in tarar da wannan haɗin. Akwai kuma ƙaramar masifa: kan iyafis mai makirfon gaɓa huɗu gare shi, kuma waya na gane an danna maɓalli ne idan layin makirfon ya taɓa layin ƙasa. Haɗin murɗe-murɗe na sa su riƙa taɓa juna duk sanda babur ya faɗa rami, sai waya ta katse kira da kanta ko waƙa ta tsaya, mai ita ya yi ta zagin kamfani.

Ana iya yin haɗin yadda ya dace. Sai a sa resista a kan kowane layi, hagu da dama, kafin su gamu, sannan a ƙara ƙaramar amfilifaya mai batir a gaba, saboda resista na cinye sauti. Ko an yi hakan, makirfon na waya ɗaya ne kawai, ga kuma igiyoyi uku suna lilo a ƙirjin mutum, kowace na iya sarƙe hannun babur. Nakan gaya musu gaskiya cewa aikin bai kai wahalarsa ba.

Masu iyafis na Bluetooth, irin su Oraimo, suna ganin su sun tsira. Wasu samfuran kan kama waya biyu lokaci guda, amma ɗaya suke saurara. Kira ya shigo, su saki waƙa su koma kansa. Masu gauraya sauti na gaske su ne na'urorin kamfanoni irin Sena da Cardo da ake liƙawa a jikin hular kwano, kuma tsadarsu ba ta ɗan acaba ba ce, balle ma sai da hular.

Hanya mafi arha tana aljihunka tun farko. Mayar da layukan biyu cikin waya ɗaya, memorin ma ka sa shi ciki. In dole sai ka riƙe ƙaramar, karkatar da kiranta zuwa babbar: ka danna **21* sai lambar da kake so kiran ya tafi sai #, in za ka cire ka danna ##21#, amma ka fara tambayar kamfanin layinka abin da suke cira. Waya ta san yadda za ta dakatar da karatu idan kira ya shigo, ta ci gaba idan an gama. A saitin wayoyin Android kuma akwai wurin mayar da sauti Mono, wato abin da ke zuwa hagu da dama ya taru a kunne ɗaya. Wannan shi nake fara kunna wa duk wanda ya zo, kyauta, domin ba na son ganin iyafis biyu a kunnen mai tuƙi.

Kunnen dama za ka sa wa, ba na hagu ba. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka duk tirela ko tanka ko Golf da za ta wuce ka a titin Katsina zuwa Kano ta hagunka za ta bi. Ku kuma, 'yan'uwana, da yawanku kun kwance madubi tun ranar da aka fito da Boxer daga kwali, wai yana ɓata wa babur kyau. Wanda ba shi da madubi, da me yake sanin abin da ke bayansa in ba kunne ba? A gudun kilomita 60 a awa, babur na cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Jinkirin daƙiƙa biyu kafin ka ji oda ya haura mita 30, kuma a mararraba irin ta Yashe ko Gidan Mutum Ɗaya, inda mota ke shigowa ta ko'ina, ba kowa ke samun wannan ratar ba. A hanyoyin cikin ƙauye ma kunne ke fara jin amalanke a bayan kwana, ko ihun yaro mai kora awaki, musamman da damina in dawa ta rufe gefen hanya.

Abin da ya fi damuna ma ba hatsarin ba ne, domin shi kowa na ganinsa. Ɓarnar da ba a gani ita ce ta dodon kunne da abin da ke bayansa. Awon da aka yi wa masu babur a Ingila ya nuna ƙarar iska a kunne, har a cikin hular kwano, takan kai wajen desibel 90 a gudun kilomita 60, tana ƙaruwa da ƙaruwar gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba zai jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal a makon gaba ɗaya. Ɗan acaba mai bin kwalta zai iya cinye wannan kason kafin sati ya raba. To, don ya ji labaran BBC Hausa a cikin wannan iska, dole ya ƙure murya har ta rinjayi iskar. In abu biyu ke magana a kunnen, kowanne sai an ɗaga shi sama da ɗan'uwansa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda ke karɓar sauti. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa, ba allura ba ƙwaya.

Iyafis mai roba da ke toshe kunne ruf yana rage iska, sai dai yana rage oda tare da ita. Wanda ba ya toshewa yana barin oda, amma shi ke sa ka ƙure murya. Kowanne da nasa haraji. Shi ya sa nake cewa a saita muryar a tsaye, inji na aiki, a daidai inda za ka ji fasinja in ya yi magana a bayanka. In ka hau titi ka daina jin rediyon, kada ka ƙara. Gudun ne ya yi yawa, ko kuma wurin ba na sauraro ba ne.

Ta fuskar doka, amfani da waya ana tuƙi laifi ne da jami'an FRSC ke cin tara a kansa, kuma tun farkon 2009 aka fara tilasta sa hular kwano, ko da yake mun san yadda abin ya kasance a garuruwanmu. Faransa ta wuce nan: daga 1 ga Yuli 2015 ta haramta iyafis kowane iri ga mai mota da mai babur har da mai keke, ta bar sifikar da ke cikin hular kwano kawai, wadda ba a cusa ta a ramin kunne. Mu ko da ba mu kai can ba, amfanin iyafis a wurinka shi ne ka ji waya ta yi ƙara. Maganar ciniki, ina kake, nawa za ka kai ni Kafin Soli, a gefen titi ake yin ta da ƙafa a ƙasa.

Duk wanda yake jin kunnensa na kuka kamar gyare idan ya kwanta da dare, ko ya ga yana yawan ce wa fasinja "me ka ce?", ko iyalinsa na ƙorafin yana ƙure rediyo a gida, wannan ba aikin teburina ba ne. Kada a tsiyaya manja ko man zaitun, kada a soka tsinken ashana. A fara da asibitin da ke kusa a nemi takardar zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake gwajin ji da na'ura. A gaya wa likitan awa nawa ake yi a kan babur a wuni, da irin iyafis ɗin da ake sawa.